Hujjar ta gagare ni: in kwafo wadda ban fahimta ba, ko in ajiye karatun?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen lissafi, ina digiri na biyu. Malamin da ke duba aikina ya ba ni wata ƙa'ida ya ce in kafa mata hujja, a kanta babi na biyu zai tsaya. Ga ta: a ɗauki lambobi x₁ < x₂ < … < xₙ, dukkansu sama da sifili, da wasu lambobin a₁ < a₂ < … < aₙ. A gina matiriks, wato jadawalin lambobi, wanda gidan da ke sahu na i, ginshiƙi na j, yake ɗauke da xᵢ an ɗora masa aⱼ a ka. Ana so in nuna cewa duk ƙaramin ditaminant (lamba ɗaya da ake lissafowa daga matiriks mai yawan sahu daidai da yawan ginshiƙi) da aka yanko daga ciki ya fi sifili, abin da ake kira total fozitibiti.

Mako shida ke nan ina fama. Na san dabarar Vandermonde, amma da zarar na tsallake ginshiƙi ɗaya sai ta rushe. Na rubuta furogiram na gwada dubban matiriks. Ƙananan duk sun fito daidai, amma da na kai masu sahu 20 sai wasu suka fara fitowa ƙasa da sifili, har na soma zargin ƙa'idar kanta. Na kai wa malamin sakamakon, ya ce kwamfuta ba hujja ba ce, in koma in yi tunani. Tun ranar ban sake taka ofishinsa ba, in na hango shi ma sai in sauya hanya. Yanzu na samu wata hujja a intanet mai amfani da folinomiyal ɗin Schur, ban fahimci rabinta ba. Saura mako uku semina. Ina da goyo, sai yaro ya yi barci nake samun zama da takarda. Malam, in kwafo in haddace, ko kuwa dai kaina ne bai kai ba, in ajiye karatun?

Ɗalibarka mai neman mafita

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kada ki kwafo, kada kuma ki ajiye. Zan zo kan maganar malaminki da ta semina, amma bari mu fara da lissafin, domin na lura duk sauran damuwar daga nan ta tsiro. Ki ɗauko biro da takarda, wannan amsar ba ta karantawa a kwance ba ce.

Don sauƙin magana, zan kira x ɗin nan lambobin gindi, a ɗin kuma lambobin kai.

Abu na farko, ki sauke kayan da ba naki ba. Matiriks mai sahu 3 da ginshiƙi 3 yana da ƙananan ditaminant 19. Mai sahu 10 yana da 184,755. Duk wanda ya tsaya yana kallon wannan tulin dole gabansa ya faɗi. To amma ki yanko sahu k da ginshiƙi k, kowaɗanne kika ga dama, ki dubi abin da ke hannunki. Lambobin gindin da suka rage suna nan a jere daga ƙarami zuwa babba, suna sama da sifili. Lambobin kai ma suna nan a jere. Ashe ɗan ya gaji ubansa, matiriks ne irin na farko sak. Don haka magana ɗaya ce tak ake bin ki: ditaminant ɗin kowane matiriks irin wannan, mai sahu k da ginshiƙi k, ya fi sifili. In kin kafa wannan, dubban nan sun faɗo a lokaci guda.

Ki gwada k = 2 da hannu (x^a yana nufin x an ɗora masa a a ka). Ditaminant ɗin shi ne x₁^a · x₂^b − x₁^b · x₂^a, inda a < b. Ki fitar da x₁^a · x₂^a waje, abin da ya rage shi ne x₂^(b−a) − x₁^(b−a). Tunda x₂ ya fi x₁, kuma b − a ya fi sifili, ragowar ta fi sifili. Layi biyu ya ƙare.

Dabarar Vandermonde kuwa ba ta yi miki laifi ba, aikin ne ba nata ba. Ita tana cewa idan lambobin kai su ne 0, 1, 2, har zuwa k − 1 ba tsallake, ditaminant ɗin shi ne a ninka dukkan bambance-bambancen xⱼ − xᵢ, babba a cire ƙarami. Da an tsallake lamba ɗaya sai wani abu ya ƙaru a kan wannan ninkin. Ga misali, ki riƙe shi da kyau domin za mu yi ta komawa gare shi. Lambobin gindi 1, 2, 3, lambobin kai 0, 1, 3. Sahun farko 1, 1, 1. Na biyu 1, 2, 8. Na uku 1, 3, 27. Ditaminant ɗin 12 ne. Ninkin Vandermonde kuwa (2−1)(3−1)(3−2) = 2. Ina sauran 6 ɗin ya fito? Shi ne 1 + 2 + 3. Wannan ƙarin, x₁ + x₂ + x₃, shi ne mafi sauƙin folinomiyal ɗin Schur da kika gani a intanet. Kin ga ba dodo ba ne. Amma ba ta nan za mu bi ba.

Hanyar da nake so ki bi tana da zango biyu. A zangon farko ki nuna ditaminant ɗin ba ya taɓa zama sifili. A na biyu ki nuna ɓangaren da yake. Yawancin masu makalewa a wannan ƙa'idar suna ƙoƙarin cin zangon biyu a tsalle ɗaya ne, suna neman dabarar da za ta ba su ƙimar ditaminant ɗin gaba ɗaya. Ba a tambaye ki ƙimarsa ba, 'yata. An tambaye ki ko yana sama da sifili.

Zangon farko. A ce ditaminant ɗin sifili ne. Kin san ma'anar wannan tun aji biyu: ginshiƙan sun dogara da juna, wato akwai lambobi c₁, …, cₖ, ba dukkansu sifili ba, waɗanda in aka ninka kowane ginshiƙi da nasa aka tara, kowane sahu zai ba da sifili. Yanzu ki daina kallon matiriks, ki kalli wannan fankshan:

f(x) = c₁x^a₁ + c₂x^a₂ + … + cₖx^aₖ

Abin da muka faɗa yanzu yana nufin f yana zama sifili a x₁, a x₂, har xₖ. Saiwoyi k ke nan mabambanta, dukkansu sama da sifili. Tambayar matiriks ta koma tambayar ƙirga saiwoyi, kuma a nan ne zuciyar aikin take. Abin da za ki kafa shi ne: fankshan mai gaɓoɓi k irin wannan, muddin ba dukkan c ne sifili ba, ba zai wuce saiwoyi k − 1 a sama da sifili ba.

Ki bi shi hawa-hawa, da indakshan. Gaɓa ɗaya, c·x^a, ba ta da saiwa ko ɗaya a sama da sifili. A ce maganar ta tabbata ga gaɓoɓi k − 1. Ɗauki f mai gaɓoɓi k da saiwoyi k. Raba shi da x^a₁. An halatta miki wannan rabawar ne kawai saboda x ya fi sifili, kuma saiwoyin ba su gusa ba. Sabon fankshan ɗin, g, gaɓarsa ta farko ta zama tsurar lamba c₁. Ki yi masa difarenshiyeshan: c₁ ta ɓace, saura gaɓoɓi k − 1, lambobin kansu har yanzu mabambanta ne, kowace c kuma an ninka ta da aⱼ − a₁, wanda ba sifili ba ne. Sai ki kira ƙa'idar Rolle: tsakanin kowaɗanne saiwoyi biyu na g da ke maƙwabtaka akwai saiwar diribatib ɗinsa, wato fankshan ɗin da difarenshiyeshan ya bayar. Saiwoyi k suna da tsakani k − 1. Ga fankshan mai gaɓoɓi k − 1 ɗauke da saiwoyi k − 1, alhali indakshan ya ce iyakarsa k − 2. Mafita ɗaya ce: c₂ har cₖ duk sifili ne. Sai g ya zama c₁ kaɗai, kuma tunda yana da saiwa, c₁ ma sifili ne. Mun ce ba dukkansu sifili ba, ga shi sun zama. Ditaminant ɗin ba sifili ba ne.

Ki tsaya ki dubi makamin da ya yi wannan aikin. Michel Rolle ya wallafa ƙa'idarsa a Faransa a 1691, kuma kin koye ta a shekararki ta farko a jami'a. Tunanin ƙirga saiwoyi ta hanyar duba gaɓoɓi ya ma girme ta, yana komawa ga ƙa'idar alamomi ta Descartes ta 1637. Da tsohuwar zuma ake magani. Kin yi mako shida kina neman babban makami a waje, alhali wuƙar tana cikin jakarki.

Zango na biyu ya fi daɗi. Bar sahu k − 1 na farko yadda suke, a sahun ƙarshe ki sa x mai yawo a madadin xₖ. Ditaminant ɗin ya zama fankshan, D(x). Ki warware shi ta sahun ƙarshe, za ki ga gaɓoɓi k ne irin na f. Lambar da ke gaban gaɓa mafi girma, x^aₖ, ita ce ditaminant ɗin kusurwar sama ta hagu, mai sahu k − 1, kuma alamarta tarawa ce domin gidan yana sahu na k, ginshiƙi na k. Indakshan ya ce wannan lambar ta fi sifili. Ina saiwoyin D? In kika sa x = x₁, sahu biyu sun zama iri ɗaya, D sifili ne. Haka x₂, har xₖ₋₁. Saiwoyi k − 1 ke nan, kuma zangon farko ya ce iyakar rabonsa ke nan. Ya cinye kasonsa. Daga xₖ₋₁ zuwa gaba ba sauran saiwa, kuma D ba ya tsinkewa, don haka ba shi da hanyar tsallaka sifili: alamarsa ɗaya ce a duk wannan filin. Wace alama? Ki tura x can nesa, gaɓa mafi girma ta danne sauran, ita kuwa tana sama da sifili. Tunda xₖ yana cikin filin, D(xₖ) ya fi sifili. Hujja ta cika.

Mu koma misalinmu ki gani da idonki. Sahu 1, 1, 1, da 1, 2, 8, da 1, x, x³. Warwarewa ta ba da D(x) = x³ − 7x + 6. Sa 1, sifili. Sa 2, sifili. Sa 3, kin samu 27 − 21 + 6 = 12, daidai da abin da muka samu ɗazu. To folinomiyal mai x³ ai yana iya samun saiwoyi uku, ina ta ukun? Tana −3. Ta ɓuya a ƙasa da sifili, inda ƙa'idar ba ta leƙawa. Wannan wurin nake so ki daɗe a kai, domin shi ne amsar tambayar da na tabbata za a yi miki: me ya sa aka shardanta lambobin gindi su fi sifili? Ki ɗauki −3, 1, 2, suna a jere daga ƙarami zuwa babba, da lambobin kai 0, 1, 3. Ditaminant ɗin sifili ne cif. Ki duba ta wancan ɓangaren ma: x₁ + x₂ + x₃ = −3 + 1 + 2 = 0. Hanyoyi biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Ni dai duk lokacin da na koyar da wannan, a nan nake ganin fuskokin ɗalibai sun washe.

Akwai wata gajeriyar hanya ta zango na biyu da ya kamata ki sani. Ki ja lambobin kai a hankali, a miƙe, daga a₁, …, aₖ zuwa 0, 1, …, k − 1. A duk tsawon tafiyar suna nan a jere, don haka ditaminant ɗin bai taɓa sifili ba, alamarsa ba ta sauya ba. A ƙarshen tafiya ga Vandermonde ɗinki, wanda kin san ya fi sifili. Ashe wahalar da kika sha a kansa ba ta tafi a banza ba. Ki zaɓi ɗaya ki rubuta, ki ajiye ɗayar a ka.

Yanzu maganar kwafowa. Hujjar Schur gaskiya ce, kuma kyakkyawa ce: tana cewa ditaminant ɗin ninkin Vandermonde ne sau wani folinomiyal wanda babu alamar cirewa ko ɗaya a cikinsa. Amma akwai abu biyu. Na ɗaya, tana aiki ne idan lambobin kai cikakku ne, irin 0, 1, 3. A yadda kika rubuto ƙa'idar, malaminki bai shardanta haka ba, a₁ tana iya zama rabi, tana iya zama −2.7. In kika kwafo, kin amsa tambayar da ta fi wadda aka yi miki ƙanƙanta, kuma ba za ki ma san kin yi haka ba. Na biyu, duk nauyin hujjar yana kan dalilin da ya sa folinomiyal ɗin ba shi da alamar cirewa, wato daidai wurin da kika ce ba ki fahimta ba. Na taɓa zama a kwamitin semina inda wani ɗalibi ya cika allo da hujjar da ya haddace, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Aka tambaye shi a wane layi ya yi amfani da wani sharaɗi guda. Ya juya ya kalli allon, ya daɗe, bai ce komai ba. Har yau ina jin nauyin shirun nan, domin yaro ne mai ƙwazo, tsoro ne ya kai shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba na so ki tsaya a inda ya tsaya.

Karanta hujjar wani ba laifi ba ne, haka ake koyon lissafi. Wadda na ba ki yanzu ma ba ni na ƙirƙiro ta ba, tsohuwa ce a littattafan fannin, kuma dole ki faɗi haka a rubutunki, ki nemo littafin da za ki jingina ta gare shi. Bambancin shi ne ki rufe takardata, ki ɗauki farar takarda, ki sake gina ta daga kanki. Inda kika tsaya, nan ne ba ki fahimta ba tukuna. Ki buɗe, ki duba, ki rufe, ki sake.

Kwamfutarki kuwa ba ta ƙaryata ƙa'idar ba. Lambobin da take aiki da su a al'ada suna riƙe da kusan gurbi 16 ne kawai, sauran tana yanke su. Matiriks irin na Vandermonde sanannu ne wajen wahalar da ita: a cikin mai sahu 20 akwai lambobi ƙanana da wasu masu girman gaske, ana cire manya daga manya, sai kuskuren yankewa ya rinjayi amsar, har alama ta juye. Ki sake gwajin da cikakkun lambobi ta hanyar lissafin da ba ya yanke komai, manhajar SymPy tana yin wannan, za ki ga waɗancan ƙasa da sifilin sun ɓace. Ki sa wannan a babin, sakin layi ɗaya, abu ne da kika gano da hannunki. Malaminki ya yi gaskiya da ya ce gwaji ba hujja ba ne. Da ya ƙara miki da jimla ɗaya, ya ce ki ƙirga saiwoyi, da ya rage miki wata guda na rashin barci, kuma ina ganin ya kamata ya yi. Amma shi ma bai san inda kika makale ba, domin ba ki koma ba.

Ki koma cikin makon nan, kada ki jira sai komai ya kammala. Ki shiga da shafi biyu a hannu, ki gaishe shi, ki ce: Malam, na raba hujjar gida biyu, ga na farko da ƙa'idar Rolle, ga na biyu, ina so ka duba min ko na yi daidai wajen alamar gaɓa ta ƙarshe. Malami yana gajiya da ɗalibin da ya ce ban gane komai ba, amma da wuya ya ƙi wanda ya nuna masa layi ya ce nan ne. Ba sai kin yi dogon bayanin ɓacewarki ba, ki ba da haƙuri a taƙaice ki buɗe takarda.

Ki kuma tambaye shi inda yake son babi na uku ya nufa, domin ƙa'idar nan ƙofa ce. Schoenberg ya zo kan irin waɗannan matiriks a 1930 yana nazarin yadda suke rage yawan sauyin alama a jerin lambobi. Gantmacher da Krein, a Tarayyar Sobiyat cikin shekarun 1930, sun zo kansu ta hanyar nazarin kaɗawar abubuwa, kamar tsirkiya mai ɗauke da duwatsu, suka nuna cewa aigenbalu (wasu lambobi na musamman da ake lissafowa daga matiriks) na matiriks irin naki duk suna sama da sifili kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Samuel Karlin ya tattara fannin a babban littafi a 1968. In kika rubuta x^a a matsayin e^(a·ln x), za ki ga abin da kika kafa shi ne total fozitibiti na e^(st), wanda ake jingina da shi sosai a ilimin ƙididdiga. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa babi.

Game da cewa kanki bai kai ba: matar da ta rubuto min ƙa'idar nan da sharuɗɗanta cikakku, ta gano da kanta daidai inda Vandermonde ke rushewa, ta rubuta furogiram, ta kuma damu da sakamakon da bai dace ba maimakon ta share shi, duk da goyo a baya, ba ita ce za ta ajiye karatu ba. Abin da ya same ki shi ne kin yi mako shida ke kaɗai. Ki nemi abokiyar karatu ɗaya, ki tsayar da ita gaban allo ki koya mata hujjar, ki ce ta tare ki da tambaya duk inda ta ga dama. Ki kuma yi magana da maigidanki ko wata 'yar'uwa a riƙe miki yaron awa biyu da rana, ko sau uku a mako, har semina ta wuce. Indakshan ba ya shiga kan da bai yi barci ba.

Makon farko ki sake gina hujjar har sau uku ba tare da dubawa ba, ki kai wa malamin. Na biyu ki rubuta babin. Na uku ki yi ta gwaji a gaban allo, da misalin 1, 2, 3 da na −3, 1, 2 a shirye. Ki tanadi amsar tambayoyi uku: a ina aka yi amfani da cewa x ya fi sifili, a ina aka yi amfani da cewa lambobin kai mabambanta ne, da kuma me zai faru da alamar in aka musanya sahu biyu. Ta farko tana wajen rabawa da x^a₁, ta biyu tana wajen aⱼ − a₁, ta ukun na bar miki.

Allah ya ba da sa'a, ya raya mana yaron. Ki rubuto min bayan seminar in ji tambayar da suka yi miki.